Kafin a sayi rediyo mai memori a Haɗeja, a fara tambayar abin da take kamawa

A kasuwar Haɗeja da kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da ita, rediyon da ta fi tafiya yanzu ita ce mai cin memori da filash. Yadda cinikinta ke gudana kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai shago zai zura memori, ya ƙure murya, fitilun jikinta su kama walƙiya, mai saye ya ji amon ya yi masa, ya biya ya tafi. Da wuya a ga wanda ya ce a zare memorin a kamo masa tasha, balle ya nemi a gwada masa naɗar murya.

A nan ne ake tafka asara. Mutum ya fita da niyyar sayen rediyo, ya koma gida da lasifikar kiɗa mai eriyar ado. Ga mazaunin birni wannan ƙaramin abu ne. Ga manomin shinkafa a Auyo, ko masunci a Guri, ko makiyayi a dausayin Baturiya, rediyo kayan aiki ce kamar fartanya da koma, kuma ya kamata a zaɓe ta da irin tsanakin da ake zaɓar su.

Labarin ruwa yana riga ruwa isowa

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka yi wa madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Daga Wudil ruwan ke gangarowa ta Ringim ya biyo Auyo da Haɗeja, ya bazu a dausayin da ya miƙa har Nguru. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, don haka idan damina ta yi nauyi ruwan kan rasa inda zai bi sai gonaki da gidaje. Mutanen masarautar ba su manta da 2020 da 2022 ba, lokacin da garuruwa da dama suka koma tsibiri, matasa suka yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa.

Abin lura shi ne ruwan da ya cika kogi a Wudil ba a ranar yake isa Haɗeja ba, yakan ɗauki kwanaki. Waɗannan kwanakin su ne jarin talaka. A cikinsu ne zai kwashe hatsi daga rumbu, ya kora dabbobi kan tudu, ya janye injin ban-ruwa daga bakin kogi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya, hukumar agajin gaggawa ta jiha da masarauta kuma suna ba da sanarwa idan abu ya matso. Mafi yawan wannan bayani ta rediyo yake isa ƙauye.

Sai dai sanarwar rediyo ba ta jiran kowa. Ana iya karanta ta maigida yana fadama, ko uwargida tana tsakiyar aiki. Wanda ya ji zai faɗa wa wanda bai ji ba, kafin magariba sunan gari ya canza, kwana uku ya koma mako guda. Rediyon da ke iya naɗar shiri tana maganin wannan. A danna maɓalli ɗaya, da dare a sake kunna wa mutanen gida da 'yan majalisa, kowa ya ji da kunnensa daga bakin mai sanarwar. Haka ma shirin noma da aka yi bayanin yawan takin da za a zuba wa alkama, ko yadda za a yi da jan-baki idan ta sauka a gonar shinkafa. Irin wannan bayani mai lissafi ba a riƙe shi da ji ɗaya.

Ai waya ma tana yi?

Wannan ita ce tambayar da matasa ke yi, kuma tana da ƙanshin gaskiya. Waya tana kunna sauti, tana naɗar murya, wasu ma suna da FM. Amma FM ɗin waya galibi sai an saƙala abin kunne yake aiki, ba ya kama matsakaicin zango ko gajeren zango, kuma manyan wayoyi da yawa na yanzu ba sa zuwa da shi gaba ɗaya. Sauraro ta intanet kuwa yana cin data, wadda ta ƙara tsada tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Akwai kuma batun caji. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A irin wannan hali, ko a lokacin da ruwa ya yanke hanya, ɗan cajin da ya rage a waya na kiran 'yan uwa ne. Ba wanda zai ƙarar da shi wajen jin labarai. Sannan waya ta mutum ɗaya ce, tana aljihunsa duk inda ya tafi. Rediyo kuwa ta gida ce, tana nan a tsakar gida ko maigida yana nan ko ba ya nan, kuma a ƙauyuka da yawa ita ce hanyar da mata ke jin abin da duniya ke ciki.

Kamun tasha ne kan gaba

Abu na farko da za a duba shi ne zangunan da take kamawa. FM yana da sauti garau, kuma a nan ake samun tashoshin gida irin su Sawaba FM da ke Haɗeja, da na Rediyon Jigawa, da Freedom ta Dutse. Amma FM ba ya nisa sosai. Da zarar an nutsa cikin dausayi wajen Kirikasamma ko aka nufi Birniwa, wasu tashoshin sukan fara shashshaka, sai rediyo mai kunne da doguwar eriya ce ke riƙe su.

Matsakaicin zango ya fi FM nisa, musamman da dare. Gajeren zango kuwa yana tsallake ƙasashe, shi ya sa tun 1957 BBC Hausa ke shiga bukkokin makiyaya ba tare da wata tasha a kusa ba. Darajarsa ta sake fitowa a maƙwabta. Lokacin da mahukuntan Nijar suka dakatar da RFI a Agustan 2023, da BBC na wata uku a Disamban 2024, tashoshin FM da ke cikin ƙasar ne umarnin ya fi shafa, domin gajeren zango daga waje yake zuwa.

Matsalar ita ce yawancin rediyoyi masu memori an fi ba da ƙarfi ga ɓangaren kiɗan. Wasu FM kaɗai gare su. Wasu an rubuta musu SW a jiki, amma idan aka murɗa ba abin da ke fita sai ƙugi. Maganin abin shi ne gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A je shagon a lokacin da ake watsa wani shirin Hausa na gajeren zango, a zare memori, a ja eriya har ƙarshe. A ɗan matsa daga inda janareta da cajojin waya da ƙwayayen fitila suke, domin suna jawo ƙara. Wajen gwada matsakaicin zango a riƙa juya rediyon kanta, saboda eriyarsa tana ciki. Rediyon da ta kasa kamo komai a fili cikin garin Haɗeja ba za ta yi abin kirki a tsakiyar fadama ba.

Batirin da za a iya cirewa

Abu na biyu shi ne batir. Akwai masu batir a manne a ciki, wanda idan ya mutu sai an kai wa mai gyara ko a jefar da rediyon. Gara a nemi wadda ake buɗe murfi a cire. Iri biyu ne suka fi yawa: BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda ake samu a kusan kowane teburin mai caji, da kuma 18650, mai kama da ɗan gora, wanda ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Mai batir biyu zai bar ɗaya wajen caji ya tafi gona da ɗaya.

A yi hattara da lambobin da ake rubutawa. Batirin 18650 na gaske ƙarfinsa bai cika wuce mAh 3,500 ba. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 to rubutu ne kawai. Haka ɗan faifan sola da ake mannawa a bayan wasu rediyoyin: yana ɗan taimakawa, amma ya yi ƙanƙanta ya cika batir cikin yini, kuma shanya rediyo a ranar Afrilu yana gajarta ran batirin. Wadda ta haɗa batirin caji da gurbin manyan batura na zubawa ta fi kowacce dacewa da lokacin ambaliya. A kuma tabbatar bakin cajinta irin na waya ne, don kada ɓatan igiya ɗaya ya kashe ta.

Naɗi iri biyu ne

Abu na uku shi ne naɗar murya, kuma a nan ne aka fi yi wa masu saye rufa-rufa ba tare da an yi musu ƙarya ba. Rediyo tana iya naɗa ta makirufo kawai, wato tana ɗaukar duk abin da ke kusa, har da kukan akuya da hirar yara. Wata kuma tana naɗar shirin kai tsaye daga cikinta, sautin ya fito kamar yadda tashar ta watsa. Dukansu an rubuta musu REC, amma ta biyun ce ake nema. Gwajin ba shi da wuya: a kamo tasha, a danna naɗi, a yi tafi kusa da ita, sannan a kunna. Idan tafin ya fito, ta makirufo take ɗauka. Wasu kuma da an danna naɗi sai wani zuuu ya shiga cikin tashar, musamman a gajeren zango. Wannan ma a kunne ake gane shi.

Game da memori, ba sai an sayi babba ba. Sautin MP3 na yau da kullum yana cin kusan MB ɗaya a minti, don haka memori mai GB 8 zai ɗauki sama da awa 100, ya isa tafsirin azumi guda har da ragowar wuri. Yawancin waɗannan rediyoyi ma ba sa karanta wanda ya wuce GB 32. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne ingancinsa, domin jabun memori yakan nuna ya adana abu, a zo kunnawa a tarar babu.

Sauran ƙananan abubuwa biyu ne da ke raba mai kyau da ta banza. Na ɗaya, idan aka kashe ta a tsakiyar karatu mai tsawon awa biyu, shin tana ci gaba daga inda ta tsaya ko sai ta koma farko? Na biyu, saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, kuma da yawansu ba sa kunna shi sai an juya shi. Ɗan da ke Kano ko Abuja mai son tura wa mahaifiyarsa wa'azi ko saƙo a memori ya kamata ya san da haka. Idan kuma dattijo za a saya wa, a nemi mai abin murɗawa da manyan maɓallai, wadda maɓallin naɗinta yake shi kaɗai, ba sai an bi ta wasu matakai da aka rubuta da Turanci ba.

Inda naɗi ke zama haɗari

Duk da amfaninsa, naɗi yana da nasa sharrin. Waɗannan rediyoyi galibi ba su da agogo, lamba kawai suke ba kowane sauti. Sanarwar ambaliyar bara tana iya fitowa bana a majalisa, ko wani ya tura ta a waya, gari ya ruɗe a banza. Idan hakan ya faru sau biyu, ranar da ta gaskiya ta zo ba wanda zai motsa. Don haka duk wanda ya naɗi sanarwa ya goge ta idan lokacinta ya wuce. Gidajen rediyo su ma suna da rawar takawa: duk sanarwar ruwa a buɗe ta da ranar da wata da shekara, a rufe da su, a kuma ambaci hukumar da ta bayar.

Haka nan naɗar muryar mutum a ɓoye, a wajen ciniki ko sulhu ko hirar gida, cin amana ne da kan raba zumunci. Idan ana son a adana yarjejeniyar jinginar gona ko bashin taki, a faɗa wa kowa za a naɗa, a yi a gaban shaidu.

Hukumar JARDA da malaman gona ma za su iya cin moriyar wannan na'ura da ta riga ta shiga gidaje. Darasin noman alkama ko shinkafa da aka naɗa da Hausa, aka bai wa masu tura waƙoƙi a kasuwanni, zai kai inda malamin gona ɗaya ba zai taka ba a shekara.

Yawancin masu karanta wannan a waya ba su ne za su rataya rediyon a kafaɗa ba, amma su ne ake aika wa kuɗi ko ake roƙo su sayo wa na gida. Kafin a biya, a ba ta minti goma: a kamo tasha a kowane zango, a buɗe murfin batir, a naɗa a saurara. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. Idan wadda ta ci gwajin ta ɗara sauran kuɗi, a tuna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma a yi sayen tun kafin ruwan Agusta ya cika kogi.