Ɓeran Ɗakin Gwaji Ma Yana Da Haƙƙi: Tambayar Da Ke Gaban Makarantun Kazaure Da Babura

Tun daga 2021 da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, zancen da ya fi yawa a bakinmu shi ne na gine-gine da guraben karatu da ɗaukar ma'aikata. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda ta daɗe tana karɓar 'ya'yan Roni da Gwiwa da kewaye. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba: idan ɗalibi ya shiga ɗakin gwaje-gwaje da ɓera ko zomo ko kwaɗo a hannu, wa ke tsaya wa dabbar?

Duk wanda ya leƙa kundayen binciken kammala karatu a sassan kimiyyar halittu da magunguna na ƙasar nan ya san salon. A ɗebo ganyen zogale ko sabara ko ɓawon maɗaci, a tace. A sayo fararen ɓeraye, a yi musu allurar sinadarin alozan, wanda ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, su kamu da ciwon suga. A yi makonni ana ɗura musu ruwan ganyen, daga ƙarshe a kashe su, a ɗebi jini da hanta da ƙoda. Manufar kyakkyawa ce, domin a nan ake rarrabe maganin gargajiya mai amfani da mai cutarwa. Amma idan ɗalibai goma suka maimaita gwajin da aka riga aka san sakamakonsa, don kawai a cika sharaɗin karɓar takardar shaida, rayuka nawa aka salwantar a banza?

Shari'a ba ta bar wannan fage a buɗe ba. Suratul An'am, aya ta 38, ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wannan hadisi ya shafi kejin da aka kulle ranar Juma'a aka tafi hutun ƙarshen mako babu ruwa babu abinci. Hadisin Shaddad bn Aus da ke cikin Muslim ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa da yanka. Mafi kusa da batunmu kuwa shi ne ruwayar Abu Dawud da Nasa'i, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sanya kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Kwaɗo kuwa yana cikin dabbobin da aka fi feɗewa a darasin kimiyyar halittu. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta gwaji da dabba idan akwai buƙata ta haƙiƙa, bisa ƙa'idar nan ta cewa larura ana ƙaddara ta ne gwargwadonta. To wa zai auna gwargwadon? Ba zai yiwu a bar wa ɗalibin da ke gaggawar kammalawa ba.

Wannan shi ne aikin kwamitin ɗa'a. A 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka tsara ƙa'idar da duniya ke bi a yau: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage adadi, a kuma sassauta azaba. Ƙarni bakwai kafin su, Izzuddin bn Abdussalam, wanda ya rasu a 660 bayan Hijira, ya riga ya jero haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Ingila ta yi dokar lasisin gwaji a 1986, Amurka kuma a ƙarshen 2022 ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin a kai ga mutum.

Ba sai mun je nesa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da kwamitin kula da amfani da dabbobi, wanda ke duba tsarin bincike ya ba shi lambar amincewa, haka ma Jami'ar Ibadan. Manyan mujallun kimiyya ba sa karɓar aikin da ba shi da irin wannan lamba. Ke nan ɗan Gwiwa da ya yi shekara yana wahala ba tare da amincewar kwamiti ba, zai iya tarar da cewa aikinsa ba zai bugu ba, kuɗin da mahaifinsa ya sayar da gero ya tura masa kuma sun tafi.

Hatsarin da muke hange shi ne kwamitin ya zama na hatimi kawai: a biya kuɗi, a karɓi lamba, babu wanda ya taɓa leƙa kejin. Wanda ya san zafin Babura a watan Afrilu ya san abin da ɗaki mai rufin kwano, babu iska, zai yi wa ɓeraye talatin. Dabbar da ta galabaita ma sakamakon ƙarya take bayarwa, don haka ilimin kansa ya lalace.

Jami'ar Babura sabuwa ce, yanzu ake kafa mata al'adu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna ganin ya dace ita da kwalejin Kazaure su tabbatar da kwamiti mai haƙori, ko da na haɗin gwiwa ne, mai likitan dabbobi, da malamin fiƙihu, da mutum ɗaya daga cikin gari wanda ba ma'aikacinsu ba. A ba shi ikon shiga ɗakin dabbobi ba tare da sanarwa ba, da ikon dakatar da bincike. Darasin da bidiyo ko manhajar kwamfuta ko kayan cikin rago daga mahauta za su wadatar, kada a kashe masa rai. Iyaye kuma, idan yaro ya nemi kuɗin sayen ɓeraye, su tambaye shi guda nawa, kuma wa ya amince da adadin.