Dokin Miliyoyi, Mahayin Kyauta

Na jima ina haɗiye wannan magana, don wasu daga cikin masu dawakin nan abokan cinikina ne, wasu kuma a bayana suke sallah duk ranar da liman ya yi tafiya. To amma abin ya zo har ƙofar shagona.

Wata uku da suka wuce wata baiwar Allah, bazawara, ta same ni a kasuwar Garki tana neman taimakon kuɗin ɗori. Ɗanta mai shekara 13 ne ya faɗo daga kan doki. Wani mai hali ya ɗauke shi tun bara, wai zai riƙa yankan ciyawa da share barga. Da aka ga yaron ba shi da nauyi kuma ba ya tsoro, sai aka fara ɗora shi yana kilisa. Kafin a ce haka an saka shi a motar dawaki an tafi da shi sukuwa Arewa, uwar ba ta ma san ya bar Abuja ba. A kwana ta biyu dokin ya yi tuntuɓe. Cinya ta karye, ƙugu ya goce. An dawo da dokin da likitansa a gefe, shi kuwa yaron an sa shi a motar haya da ɗan abin da bai kai kuɗin buhun dusa biyu ba.

Kada wani ya ce Malam ya haramta sukuwa. Ban haramta ba, ba ni da ikon haka. Ni ma da ƙuruciyata na sha tsallake katanga in kalli tsere a Filin Sukuwa na Kano, har yau in na ji ƙarar kofato gabana yana faɗuwa don daɗi. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, wanda shi kansa yana cikin mahayan. Amma a duba yadda aka yi. Dawakin da aka horar, su aka ba doguwar tafiya, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wajen mil biyar zuwa shida. Waɗanda ba a horar ba aka rage musu, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kamar mil ɗaya. Dabba ma ba a ɗora mata abin da ba a shirya ta a kansa ba. Mu kuwa mun horar da dokin wata da watanni, mun ɗauko yaron da ko ɗaure majayi bai gama iyawa ba mun ce ya riƙe linzami.

Wani abin takaicin, horon da malamai suka bayyana a wancan hadisi shi ne a ciyar da doki ya ƙoshi, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi gumi har jikinsa ya tsane. Yanzu yaron ake yi wa haka. Wannan yaro da bakinsa ya gaya min ana hana shi tuwon dare in sukuwa ta matso, don kada ya ƙara nauyi. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba!

Masu dawakin suna da amsa, na ji ta. Sun ce sana'a suke koya wa yaran, da su yi ta gararamba a Area 1 suna goge gilashin mota ai gara barga. Na yarda gara barga. Amma ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake kira koyon sana'a. Na yi shekara takwas ina yaron shago. Ubana ya kai ni da kansa, aka yi magana gaban shaidu, aka san ranar da za a sallame ni, aka kuma sallame ni da jari. Maƙwabtanmu Inyamurai haka suke yi wa yaransu har gobe. To wane mai doki ne ya taɓa zama da uban yaro ya ce ga shekarun da zai yi, ga abin da zan koya masa, ga rabonsa in ya ciyo kofi, ga wanda zai biya asibiti in ya faɗi? Kuma ina sallamar? Ranar da yaro ya yi nauyi, ranar aikinsa ya ƙare. Ya kai 18 ba boko, ba allo, ba jari, sai ɗingishi.

Inda suka ɗauki abin sana'a, makaranta suka gina masa. A Ingila akwai makarantar koyon hawan dokin tsere a garin Newmarket tun 1983, kuma ba a ba mutum lasisin ɗan koyo sai ya cika shekara 16. Har rangwamen nauyi ake yi wa dokin da ɗan koyo ya hau, kusan kilo 3 har sai ya ci tsere 20, don masu dawaki su riƙa ba shi hawa yana gogewa. A Afirka ta Kudu, kusa da Durban, yaro yana shekara biyar yana koyo, yana kuma zuwa aji. In an ce waɗannan Turawa ne, to ga 'yan uwanmu Larabawa. Shekara da shekaru ana kwaso ƙananan yara daga Pakistan, Bangladesh, Sudan da Muritaniya suna hawan raƙuman tsere a Daular Larabawa, har duniya ta yi musu ca. A 2005 suka yi doka ta hana ɗora wanda bai kai 18 ba, aka mayar da yara fiye da 1,000 ƙasashensu, aka koma ɗaura wa raƙuma 'yar na'ura mai bulala. Tseren bai mutu ba.

Mu ma nan ba a rasa doka ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a Abuja, ta hana sa yaro aikin da zai cutar da lafiyarsa, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Ba na so sai an kai ga hukuma. Ina so mu iyaye mu daina miƙa 'ya'ya don an ce Alhaji ne ya nema, ana jin kunyar tambaya. Wace kunya? Mutumin da ya iya sayo ingarma daga Sudan ko Chadi ba zai gaza sayen hular kwano da rigar kare ƙirji ba.

Ga abin da na kai wa mai unguwa da kwamitin masallaci, ina jiran amsa. Duk yaron unguwar nan da za a ɗauka barga, a rubuta takarda gaban waliyyinsa da shaidu biyu. Wanda bai kai 16 ba ya tsaya ga ciyawa, wanka da jan ragama, ya je makaranta da safe, Islamiyya da yamma, kada a fita da shi gari ba da sanin gida ba. Jinya a kan mai doki. Sallama kuma a yanka ta tun ranar farko.

Shi dai yaron ya fara takawa da sanda. Jiya ya biyo ta shago, na tambaye shi ko zai koma makaranta. Ya ce wani mai dokin ya aiko, wai in ƙafar ta warke kafin sukuwar bayan Sallah ya zo a gwada nauyinsa.