In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Sau da yawa haɗarin da kan auku a ma'aikata ba laifin inji ba ne, laifin baki ne, watau wani ya san abu, bai gaya wa wanda ya kamata ya sani ba. Ga misali.

Ran 6 ga Yuli, 1988, a Piper Alpha, wani dandamalin haƙar mai a teku kusa da Sikotilan ta ƙasar Biritaniya, ma'aikatan rana suka cire bawul na wani famfon gas don gyara, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe. Yamma ta yi ba a gama ba. An rubuta wannan a takardar izinin aiki, amma aka ajiye ta kurum, ba a faɗa wa na dare baki da baki ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, sai na dare suka ta da wanda aka cire wa bawul. Gas ya tsiyaya, wuta ta kama, mutum 167 suka halaka. Alƙalin da ya bi bahasi, Lord Cullen, ya nuna cikin rahotonsa na 1990 cewa sakaci wajen miƙa aiki yana cikin manyan dalilan wannan masifa.

To, akawu ya sani takardar da ke kwance cikin fayil ba ta magana. Malamin makaranta kuwa ya sani faɗa daban, ganewa daban, shi ya sa ya kan tambayi yaro ya maimaita. Wannan dabara ita muke so manaja da helma su ɗauka. In za a canja aiki, mai tashi da mai kamawa su je gaban injin tare, a nuna, a sa hannu. In lebura Hausa ya ke ji, gargaɗin da aka manna da Turanci ado ne kawai, sai a fassara, a karanta masa. Har wa yau, kada a tsawata wa ƙaramin ma'aikacin da ya kawo labarin ɓarna, gama wanda aka kunyata yau, gobe shiru zai yi.

Lalle minti biyar na bayani bai kai ran mutum ɗaya tsada ba. Allah ya kiyashe mu, amin.