Digiri ba ya fitar da mota daga rairayi

Jama'a, ku dubi masu sha'awar motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Hilux. A cikinsu akwai likita da lauya, akwai kuma bakanike da mai walda da ko firamare bai gama ba. A gari aljihu ke raba su, amma a hanyar Agadas zuwa Bilma, cikin rairayin Tenere, gwaninta ce sarauta. Idan mota ta kafe, wanda ya san a sassauta iskar taya don ta shimfiɗu a kan yashi shi ne malami, ko da sauran na da digiri uku-uku. Shi ya sa direbobin Sahara suka riƙe Land Cruiser 70 da Toyota ta fara ƙerawa a 1984, musamman mai injin dizal 1HZ da sifana ke iya gyarawa. Sai dai kada bakanike ya saki baki, domin sababbin motoci sai da kwamfuta ake gano cutarsu. Ni dai a ganina, a tura yaran gareji su koyi lantarkin mota a makaranta, ɗaliban injiniya kuma a sa su kwanta ƙarƙashin mota kafin a ba su takardar shaida.