Wa Ya Aiki Masu Gina Gidaje Su Yi Magana Da Bakin Talaka?

Akwai wata ƙungiya a ƙasar nan wadda yawancin 'yan kasuwar Kawo ba su taɓa jin ko sunanta ba, amma 'ya'yanta sun san darajar ƙasar da ke ƙarƙashin teburin kowane mai tumatir a Kaduna. Sunanta REDAN, watau ƙungiyar attajirai masu neman filaye su gina gidaje da kantuna su sayar. An kafa ta a 2002, zamanin mulkin Obasanjo, tana da babban ofis a Abuja da rassa cikin jihohi. Babban aikinta, kuma ba ta ɓoye shi, shi ne ta shiga wurin Minista da Gwamna da wakilan Majalisa ta gaya musu irin dokar da 'ya'yanta su ke so.

Ba mu ce wannan laifi ne ba. Mahauta suna da Sarkin Pawa, direbobin tashar Kawo suna da ƙungiyarsu, kowa yana da iko ya nemi abin da zai gyara sana'arsa. Abin da ya haɗa mu da su shi ne, in sun shiga can ba su cewa sun zo neman riba. Cewa su ke yi sun zo ne domin talaka ya sami gida mai araha. To, jama'a, wa ya aike su? A wane taro na Hayin Banki, ko Rafin Guza, ko Unguwar Dosa, 'yan haya suka ɗaga hannu suka ce mai sayar da gida ya tafi ya wakilci mai neman gida? Tun da mu ke, ba mu taɓa ganin mai saye ya ɗauki mai sayarwa ya yi masa ciniki ba.

Shekara da shekaru a na yawo da wani lissafi wai Nijeriya ta rasa gidaje miliyan 17. An faɗa, an kuma faɗa, har wasu suka ƙara suka ce miliyan 20, wasu suka zarce. A 2021 Ministan Ayyuka da Gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya fito fili ya ce wannan lissafi ba shi da tushe. Mu dai ba mu bukatar lissafi mu san akwai ƙuncin muhalli, wanda ke kwana da iyali bakwai a ciki-da-falo ya riga ya ƙidaya. Amma ku lura da amfanin da a ke yi da babban lissafi. Da shi a ke buɗe ƙofar ofis. In an ce miliyoyi ba su da gida, sai a ce don haka a ba mu fili, a sauƙaƙa mana haraji, a ba mu bashi mai sauƙin ruwa. Talaucinka shi ne takardar shigarsu, kai kuwa kana bakin ƙofa tare da masinja.

Bari mu duba abin da su ke nema, mu ga ina ya dosa.

Tun da aka kafa ƙungiyar ta ke kuka da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda soja suka kafa ran 29 ga Maris 1978, aka kuma ɗaure ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Mu 'yan Arewa ba baƙuwa ce a gare mu ba, gama jikar dokar Turawa ce ta 1910, 'yar dokar Jihar Arewa ta 1962. Dokar ta ce ƙasar jiha duka tana hannun Gwamna, amana ce ya ke riƙe wa jama'a. Sashe na 22 ya ce ba ka sayar da fili ko ka jinginar da shi sai da yardar Gwamna. Wannan sashe shi ne ƙaya a ƙafar masu gine-gine, don yana jawo musu jinkiri da kashe kuɗi, kuma shi ya fi cika bakinsu. Amma akwai sashe na 28, wanda ya ba Gwamna iko ya soke mallakarka in ya ce bukatar jama'a ce. Akwai na 29, wanda ya ce in an soke, diyyar da za a ba ka ta gini ce da shuka, ƙasar kanta ba a biyanka kuɗinta. Waɗannan su ne wuƙar da ke wuyan manomin bayan gari da mai gidan ƙasa. Manomin da gari ya cim ma gonarsa, a ƙidaya masa itacen mangwaro da dawar da ke tsaye a sallame shi, bayan shekara biyu ya ga an yanka gonar fuloti-fuloti a na sayar da kowane guda a kan kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Doka ɗaya ce, amma inda ta ke yi musu ƙaiƙayi dabam, inda ta ke yanka mu dabam. In aka gyara ta da bakinsu kaɗai, kun san sashen da za a gyara.

Sa'an nan ga dokar jingina. Bankunan ba da bashin gida da masu gine-gine sun daɗe suna roƙon jihohi su yi dokar da za ta gaggauta ƙwace gida daga wanda ya kasa biyan bashi, don a da shari'ar irin wannan ta kan yi shekaru a kotu. Kaduna tana cikin jihohin farko da suka amsa, ta yi tata dokar a 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Kafin nan, a 2015, an yi dokar da ta kafa KADGIS, ofishin da ke riƙe da rajistar filayen jihar, aka ce kowa ya zo ya sabunta takardarsa. Hujjarsu ita ce banki ba ya ba da bashi sai ya tabbata zai iya karɓar kayansa. Hujja ce, mun ji. Amma doka mai gaggauta ƙwace gida doka ce mai kaifi biyu, kuma kaifin da ke wajen mai cin bashi shi ya fi bukatar a zauna a kansa. Kwana nawa za a ba mutum? In ya biya kashi takwas cikin goma ciwo ya kwantar da shi fa? Wa zai sa ido kada a yi gwanjon gidan a ɓoye ga abokin manaja? Mutum nawa cikin masu karanta wannan jarida aka taɓa fassara wa dokar nan da Hausa, balle a tambaye su kafin a yi ta?

Kuɗin da a ke ginin ma, ku tambaya daga ina wani sashinsa ya fito. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, a na yanke naira biyu da rabi cikin kowace ɗari daga albashin ma'aikaci a zuba a Bankin Jingina na Tarayya. Malamin makaranta ya zuba, akawu ya zuba, mai share ofis ya zuba. Daga wannan asusu aka riƙa ba masu gine-gine bashin gina rukunin gidaje, kuma cikin sharuɗɗan da aka sa har da mutum ya zama ɗan ƙungiyar REDAN. Ƙaramin albashin ƙasa da aka yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata. Mai wannan albashi ya je ya tsaya gaban gidajen da a ke ginawa a Millennium City, can hayin kogi, ya tambayi kuɗin mafi ƙanƙanta, ya dawo ya ba mu labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu dawo gida. A 2019 Gwamnatin Kaduna ta fara abin da ta kira sabunta birni. Aka faɗaɗa hanyoyi, aka rushe tsohuwar gadar Kawo aka gina sabuwa, Shugaba Buhari ya zo ya buɗe ta a Janairun 2022. Gada ta yi kyau, wanda ya san cunkoson da a ke yi a nan a da, in motocin Zariya da Kano suka haɗu da na Mando, ba zai yi musu ba. Amma cikin wannan shiri aka sa kasuwanni, har da tamu ta Kawo. Dabarar ita ce Gwamnati ta ba da filin kasuwa, ɗan kwangila mai jari ya gina shaguna, ya sayar ya fid da kuɗinsa da ribarsa. Kasuwar Barci ta Tudun Wada aka sa wa katafila a watan Maris 2020, bayan 'yan kwanaki aka kulle jihar saboda cutar korona. Teloli da 'yan gwanjo suka rasa rumfa, suka rasa fita, duk cikin wata guda.

Gwamnati ce ta yi rusau, ba ƙungiyar masu gine-gine ba, kada wani ya ce mun ɗora mata abin da ba ta yi ba. Amma wannan dabara ta Gwamnati ta ba da ƙasa attajiri ya gina, ita ce waƙar da masu wannan sana'a su ke rerawa a kowane taro, kuma masu wannan sana'a ne su ke cin moriyarta. An yi alkawari za a fara sayar wa tsofaffin masu rumfuna. Madalla. Sai dai mutumin da jiya ya ke biyan 'yar haya da harajin kasuwa, yau an ce ya zama mai saye. In ba shi da kuɗi ga banki nan, ya ci bashi. Ku ɗora wannan a kan dokar 2017 ku gani. An raba ka da rumfar da ba ka bin kowa bashi a kanta, an ba ka shagon da in ciniki ya tsaya za a iya karɓewa. Mai tebur kuwa, da mace mai tallan daddawa, da baƙauyen da ke kawo buhun masara ran Talata kaɗai, su ko cikin lissafin ba su. Mai rumfa ba shi da takardar mallakar ƙasa, abin da ke hannunsa takardar ba shi rumfa ce da tarin rasit, don haka ran da katafila ta zo ba shi da sandar da zai dogara a kai.

Ku tuna yadda Kasuwar Barci ta sami sunanta. Cikin shekarun 1970 aka kwashe 'yan kasuwa aka kai su can don a sake gina Babbar Kasuwa, wurin ba mai saye, har mutane suka riƙa barci a rumfunansu. Su suka jure, suka zauna, suka jawo masu saye daga ko'ina cikin Arewa, har wurin ya yi daraja. Haka Kawo. Ba siminti ya sa filin kasuwar Kawo tsada ba, ƙafafun masu zuwa cin kasuwar Talata ne shekara da shekaru. Darajar da ɗan kwangila ya ke sayarwa a yau, ku kuka tara ta. In za a yi rabon gaskiya, wannan jari ne, kamar yadda kuɗinsa jari ne.

Akwai inda kukansu ya yi daidai da namu, ba mu ƙi faɗa ba. Sa'ad da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 sun yi magana, kuma wanda ke tara bulo ɗaya-ɗaya ya ji daɗin maganar. Sun kuma ce akwai 'yan damfara masu sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, a kawar da su. Gaskiya ne. Don haka suka tsaya a kan wata doka ta kafa hukumar da za ta riƙa ba masu sana'ar lasisi, suka bi ta har Majalisar Dattawa ta amince da ita a 2021. Amma ko a nan ku dubi wa ke riƙe da alƙalami. In mai sana'a ne ya tsara dokar da za ta tsare shi, ya kan ja katangar daidai inda shi ya ke ciki, ƙaramin magini da dillalin unguwa su ke waje. Ɗan haya kuma, wanda a ke tilasta wa biyan shekara guda a dunƙule, da la'adar dillali a kai, wace doka aka bi masa ofis-ofis?

Ba wanda zai bi masa sai shi. Su suna da sakatare mai albashi, da lauya, da takarda mai tambari. Ba su fi ku yawa ba, ba su fi ku ƙuri'a ba, sun riga ku tashi ne kawai. Majalisar Dokokin Jiha tana zama a Lugard Hall, kuɗin Keke Napep ne daga Kawo. Kawo mazaɓa ce mai wakilinta a cikin wannan Majalisa. In za a yi doka mai nauyi a kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma kujerun wannan zama ba na masu manyan riguna kaɗai ba ne. Wanda ya zo da takarda shi a ke rubutawa, wanda ya zauna a rumfa yana tsaki ba a rubuta shi.

Saboda haka shugabannin 'yan kasuwa, na masu hatsi da na kayan gwari da na 'yan koli da na mata, su zauna su yi rajistar kowane mai sana'a a kasuwa, da mai shago da mai tebur da mai shimfiɗa buhu a ƙasa, suna da layi da shekarun da ya yi. Kowa ya adana rasit ɗinsa kamar yadda ya ke adana takardar gado. A je wurin wakilin Kawo a rubuce, ba da baki ba, a nemi ya karɓo yarjejeniyar da aka yi da 'yan kwangilar kasuwanni a karanta ta a fili, a ji nawa aka kimanta filin, shekara nawa aka ba su, shago nawa aka keɓe wa tsofaffin masu rumfa, nawa suka shiga hannunsu. A nemi a fassara dokar jingina ta 2017 da Hausa a raba. A nemi kuma, kafin a sake taɓa wata kasuwa a jihar nan, a nuna wurin da za a koma, da kuɗin sabon shago, da sa hannun 'yan kasuwa, tun jan fenti bai hau bango ba. Wanda ba ya karatun boko ya kawo takardunsa ofishin reshe ran Talata bayan la'asar, za a karanta masa, za a rubuta masa, ba a karɓar ko kwabo.