Kafin Ka Sauke Inji, Duba Murfin Tanki

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama babban abin da ke cinye guzurin ɗalibi, shi ya sa na ɗaura wa tsohon kekena ƙaramin inji irin na ƙasar Sin. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, yawancin abin da muke kira mutuwar inji rashin bincike ne kawai, kuma bai kamata ɗalibi ya zare ko kwabo ya sayi sabon ƙarfe ba sai ya bi matsalar daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada.

Abin da ya faru da ni shi ne hujjata. A zangon karatun da ya wuce keken ya fara yi mini wata irin ɗabi'a. Da safe zai tashi lafiya lau, amma da na yi 'yar tafiya sai ƙarfinsa ya riƙa raguwa, in na zo hawa tudu kuwa sai na taimaka masa da feda, wani lokaci ma ya mutu gaba ɗaya. Wani abokina ya rantse mini cewa fistin ne ya tafi, in sayi sabo kawai. Na ɗauki kuɗin da na ware don littattafai na nufi Sabo, inda na tarar da wani dattijon bakanike. Na ce, "Baba, fistin nake so a canza mini." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka fistin ne? Kai likita ne?" Ya sa na zagaya da keken har ya fara shaƙewa, sannan ya buɗe murfin tanki. Da kunnena na ji iska ta shiga. Ashe 'yar kafar da ke jikin murfin ce datti ya toshe, kuma idan iska ba ta shiga tanki ta maye gurbin man da ya fita ba, fetur ba zai gangaro zuwa kafireta ba. Da allura ya gyara wannan.

Laifi na biyu nawa ne. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya shi. Ma'aunin da mutane da yawa suke bi shi ne kashi 25 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 40 a kowace lita. Ni kuwa ninkawa nake yi, a zatona gata nake yi wa inji. Man da bai ƙone ba ya taru ya zama kunkunniya a cikin salansa, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Baba ya kwance ta ya share, keke ya dawo yana cin tudu. Fistin ɗin da na zo saya lafiyarsa ƙalau.

Daga ranar na fahimci cewa abu huɗu inji yake bukata, wato mai da iska da wuta da kuma matsi. A fara da mai: a cire tiyon da ke shiga kafireta a ga ko fetur yana zuba sosai, a duba matatarsa da murfin tanki. Sai iska: a tabbata an mayar da cok bayan inji ya yi ɗumi, a wanke soson da ke tace ƙura, musamman lokacin hunturu. Daga nan a kwance fulogi, domin launin bakinsa yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Ruwan ƙasa alama ce ta lafiya. Baƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari kuwa shi ne abin tsoro, don yana nuna mai ya yi kaɗan, sau da yawa saboda iska tana satar shiga ta mahaɗar kafireta da inji, kuma hakan yana sa zafi ya yi yawa har fistin ya kame. Idan an murɗa totur inji yana ta ruri amma keke ba ya ƙara gudu, to kuloci ne yake zamewa, galibi don wayarsa ta ɗaure da yawa. Sai an gama da waɗannan duka ake maganar matsi, kuma ko a nan a fara duba notunan kan inji, domin girgiza tana sassauta su, kafin a zargi ringi ko fistin. Sannan abu ɗaya ake taɓawa a gwada kafin a wuce na gaba, in ba haka ba ko an dace ba za a san abin da ya yi magani ba.

Na san wani zai ce ɗalibi ba shi da lokacin wannan, kuma kowa da sana'arsa. Gaskiya ne, ni ma ba na cewa kowa ya zama bakanike, akwai gyaran da dole a bar wa masu shi. Amma mafi yawan binciken da na lissafa sifana da sukudireba sun wadatar, kuma wanda ya san alamomin nan ba zai biya kuɗin cutar da ba ta kama injinsa ba. Da na faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah, da ya karɓi kuɗina ya sa fistin, matsalar kuma tana nan. A dai kiyaye, a bar inji ya huce kafin a taɓa shi, kuma kada a gwada wutar fulogi kusa da buɗaɗɗen tanki.

Akwai kuma darasin da ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe. Ni da ba da Hausa na tashi ba, ina iya fayyace jinsin suna da lokutan aikatau a takardar jarrabawa, amma a gaban Baba na kasa bayyana ciwon kekena sai da nuni. Shi kuwa cewa yake yi inji ya shaƙe, yana tari, ba ya numfashi, kuma kowace kalma tana nuni ga wata matsala ta daban. Masu cewa Hausa ba ta iya ɗaukar maganar fasaha su je gareji su zauna na awa ɗaya. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta tura mu wurin makanikai da littafi da biro mu tattara waɗannan kalmomi, mu buga su a fitowa ta gaba. Masu iya magana sun ce tambaya mabuɗin ilimi. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.