KWAMFUTAR CINYA: A SAYI MAI JIN YATSA KO A BARI?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da ta iso mini a makon jiya. Wani malamin makaranta, abokina tun muna yara, ya rubuto mini ya ce wata 11 ke nan yana tsimin albashinsa don ya sayi sabuwar kwamfutar cinya, wadda waɗansu ke kira tafi-da-gidanka. Da ya je kanti sai aka nuna masa guda biyu masu kama da juna, sai dai fuskar ɗaya tana jin yatsa kamar ta wayar hannu, kuɗinta kuwa ya ɗara na 'yar'uwarta. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, ko ƙarin nan ya cancanci guminsa. Na san ba shi kaɗai ke cikin wannan waswasi ba, akwai akawuna da malamai da yawa, saboda haka na ga ya fi kyau in amsa a gaban jama'a.

Da farko ya kamata mu san yadda abin ya ke aiki. A bisa fuskar akwai gilashi, a ƙarƙashinsa kuwa an shimfiɗa waɗansu layuka sirara waɗanda ido ba ya gani, masu ɗauke da 'yar wutar lantarki. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, don haka da zarar yatsa ya sauka sai wutar wurin ta sāke, kwamfuta ta gane inda aka taɓa. Shi ya sa in ka sa safar hannu mai kauri ba ta jinka. Wayar iPhone ce ta sa duniya ta saba da wannan dabara tun 2007. A 2012 kuma kamfanin Microsoft ya fito da Windows 8, wadda aka tsara ta domin yatsa, daga nan masu ƙera kwamfuta suka yi ta fito da irin waɗannan.

To, amma ba kowa ya bi ba. A 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ya ce sun gwada sun ga fuskar da ke tsaye tana gajiyar da hannun mai taɓa ta. A 2016 kamfanin ya sa wani ɗan siririn wurin taɓawa a bisa madannan waɗansu kwamfutocinsa, a 2023 kuwa ya daina sayar da masu shi. Ni ma shaida ne a kan gajiyar nan. Aikina na ofis buga takardu ne da jera lissafi, hannuwana biyu suna kan madannai tun safe har azahar. Ɗaga hannu zuwa fuska ya fi motsa ɗan linzamin da ke gefe nisa. Shekara 2 na yi da mai jin yatsa, bayan makon farko da ɗokin sabon abu ya wuce, sai in yini ban taɓa fuskarta ba.

Sa'an nan ku lura, jama'a, kuɗin da a ke biya a kanti ba shi ne iyakar biya ba. Na ɗaya, galibin fuskokin nan masu ƙyalli ne kamar madubi. Wanda ke aiki kusa da taga ko a inuwar bishiya zai riƙa ganin fuskarsa maimakon rubutunsa, alhali fuskar da ba ta ƙyalli ta fi sauƙin karatu cikin haske. Na biyu, layukan nan masu jiran yatsa suna shan batir ko ba a taɓa su ba. Shan ba mai yawa ba ne, amma mu da wuta kan ɗauke mana ba sallama, mun san darajar ko da 'yan mintoci ne. Na uku, gilashin yana ƙara mata nauyi kaɗan. Na huɗu, yatsa ba ya rabuwa da gumi da maiƙo, ga kuma ƙurar hunturu, kullum kana cikin shafa.

Na biyar shi ne wanda ya fi ci mini rai. A yawancinsu an manne gilashin da ainihin fuskar, sun zama abu guda. Ran nan tawa ta zame daga kan tebur, gilashin ya tsage daga kusurwa, sai ta shiga buɗe takardu da kanta kamar wani na taɓa ta. Mai gyara ya ce ba a sāke gilashin shi kaɗai, sai a cire duka, kayan kuwa sai an aiko da su daga nesa. Abin da ya nema ya fi ƙarfina, sai na roƙe shi ya kashe jin yatsan kurum. Ga ni na biya kuɗin abu, na koma ina biya a kashe shi.

Kada mai karatu ya zaci kushe abin na ke yi ɗungum. Akwai waɗanda ya ke yi wa rana ƙwarai. A 2012 kamfanin Lenovo ya fito da Yoga, wadda a ke lanƙwasa murfinta har ya kwanta a bayan madannai, ta zama kamar allo a hannu. Microsoft kuma yana da Surface, wadda akwai irinta da a ke cire madannanta. In fuska ta kwanta, gajiyar hannu ta kau. In kuma tana karɓar alƙalaminta na musamman, to, nan ne amfani ya ke. Malamin da ke rubuta ajami ko Larabci da wasullansa, da malamin lissafi mai zana alamomi, da mai zanen gini ko taswira, da mai duba aikin almajirai yana gyara da jan layi, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardu da yawa, duk waɗannan ba su yi asara ba. Amma fa a kula, ba kowace mai jin yatsa ke karɓar alƙalamin nan ba, sau da yawa kuma shi alƙalamin dabam a ke sayensa. A tambaya tun kafin a ƙirga kuɗi.

Saboda haka ga amsata ga abokina, da duk mai irin tambayarsa. Ka ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da ka yi cikin mako guda. In ka ga duk bugu ne da karatu da lissafi da aika wasiƙa, bar mai jin yatsa, ka juya ƙarin kuɗin inda za ka ji shi kowace rana. Ka nemi ƙwaƙwalwar aiki, watau RAM, mai yalwa. Windows 11 tana tashi da gigabait 4, amma a ganina kada ka yarda da ƙasa da 8, in da hali 16. Ka nemi rumbun ajiya irin na SSD, gama ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. Ka nemi batir mai daɗewa da madannai masu daɗin bugu. Ka kuma tabbata tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya tsai da tallafin da ya saba yi wa Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba, 2025. In kuwa aikinka na alƙalami ne, sayi mai lanƙwasuwa tare da alƙalaminta, ka kuma saya mata jaka mai kauri. Wadda ba na ba kowa shawarar ya ƙara kuɗi dominta ita ce ta tsakiya, mai jin yatsa amma ba ta kwanciya, ba ta karɓar alƙalami.

Kafin ka biya, roƙi mai kanti ya kunna maka ita kusa da ƙofa inda haske ya ke, ka buga layi biyu, ka miƙa hannu ka taɓa fuskar na ɗan lokaci, ka ji abin da kafaɗarka za ta ce. Gani ya kori ji. Abokina tarihi ya ke koyarwa, aikinsa bugu ne, don haka na ce masa daidai ruwa daidai tsaki, ya ɗauki marar jin yatsa, sauran kuɗin ya ƙara ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga akasin haka, filin Edita a buɗe ya ke, ya rubuto mu ƙaru.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu